Taƙaddamar Editoci 'Yan Sa-Kai a Kan Ƙananan Bayanai a Kundayen Shirye-Shiryen Talabijin

Kundin shirin talabijin rubutaccen jeri ne da ke bin shiri mai dogon zango kashi bayan kashi, yana ba da sunan kowane kashi da ranar da aka fara haska shi, da wanda ya rubuta labarin da wanda ya ba da umarni, da 'yan wasan da suka fito, sannan ya taƙaita abin da ya gudana a ciki. Mafi yawan irin waɗannan kundaye da ke intanet a yau masu kallo ne suka rubuta su, mutanen da suka ɗora wa kansu aikin ba tare da ana biyan su ko sisi ba, kuma su ne ake kira editoci 'yan sa-kai. A kan suna da kwanan wata da jerin 'yan wasa ba kasafai suke saɓani ba, domin ana iya duba rubutun da ke fitowa a farkon shiri ko ƙarshensa a kashe magana. Wurin da rigima ta yi gida shi ne ƙasan shafi, inda aka saba buɗe wani sashe a zuba duk wani ɗan bayani da bai sami mazauni a sama ba. Wannan sashe na ƙananan bayanai ya raba kan editoci fiye da shekara ashirin, ya kai wasu gaban kwamitin shari'a, ya sa wasu suka yi ƙaura suka kafa nasu shafukan, kuma duk da ƙanƙantar abin da ake jayayya a kai, tambayar da ke ƙarƙashinsa babba ce, wato wane ne ke da ikon cewa wannan bayani ya cancanci a adana shi, wancan kuwa a bar shi ya ɓace.

Abubuwan da ake tarawa a wannan sashe ba jinsi ɗaya ba ne, kuma cuɗe su wuri guda shi ne tushen rabin matsalar. Akwai kurakuran ɗauka, kamar a ga kofi cike a hoto ɗaya sannan a gan shi rabi a hoton da ke biye, ko kan makirufo ya leƙo daga saman allo. Akwai ishara, wato inda shiri ya kwaikwayi wani tsohon fim ko ya ambaci wani littafi ko wani ɗan siyasa a fakaice. Akwai bayanan bayan fage, irin su dalilin da ya sa aka sauya ɗan wasa, ko garin da aka ɗauki wani kashi, ko fitowar da aka yanke kafin a nuna. Sai kuma ƙirge-ƙirgen masoya, waɗanda suka haɗa da cewa wannan ne karo na kaza da jarumi ya sa wata riga, ko cewa 'yan wasa biyu sun taɓa haɗuwa a wani shiri dabam shekaru da suka wuce. Bayanin bayan fage sau da yawa tarihi ne na gaske wanda ke buƙatar hujja daga wanda ya halarta, kuskuren ɗauka kowa na iya tabbatar da shi da idonsa amma ba lalle ya ƙara wa kowa fahimta ba, ishara kuwa tana iya zama nufin marubuci, tana kuma iya zama zaton mai kallo kawai. Editan da ke kare sashen yakan tuna da na farko, wanda ke son a goge shi yakan tuna da na ƙarshe, sai su yi ta musu alhali ba abu ɗaya suke kallo ba.

Al'adar tara irin waɗannan bayanai ta girmi intanet. Shirin Star Trek, wanda tashar NBC ta Amurka ta nuna daga 1966 zuwa 1969 cikin kashi 79, ya sami masoyan da suka riƙa rubuta duk sunan duniya da jirgi da mutum da aka ambata a cikinsa, kuma daga wannan ƙoƙari ne littafin Star Trek Concordance na Bjo Trimble ya fito, wanda masoya suka fara bugawa da kansu a 1969 kafin kamfanin Ballantine ya wallafa shi a 1976. A 1993 Phil Farrand ya fitar da littafi sukutum a kan kurakuran shirin Star Trek: The Next Generation, abin da ya nuna cewa tsintar kuskure da kanta ta zama wata hanyar jin daɗin kallo. Na'urar bidiyo ta gida ce ta ƙarfafa wannan ɗabi'a, domin ita ta ba mai kallo damar tsayar da hoto ya ƙura masa ido. Masoyan The Simpsons, wanda tashar Fox ta fara nunawa a Disambar 1989, sun yi amfani da wannan dama sosai, inda a shekarun 1990 suka riƙa haɗa wa kowane kashi dogon bayani mai ɗauke da rubuce-rubucen da ke wucewa cikin ƙiftawar ido, da abin da Bart, yaron gidan, ya rubuta a allon makaranta, da yadda iyalin suka zauna a kujera a buɗewar shiri. Marubutan shirin sun san da su, har a wani kashi na 1997 suka saka wani mai kallo yana ƙorafin cewa an bugi ƙashin haƙarƙari ɗaya sau biyu a wani zane amma ya ba da sauti biyu mabambanta. Wannan ba'a ta nuna cewa tun a lokacin akwai masu ganin abin ya wuce gona da iri.

Da kundayen suka koma intanet, an gwada hanyoyi biyu na tsare ƙofa. Hanya ta farko ita ce a naɗa mai gadi. Shafin IMDb, wanda Col Needham ya assasa a 1990 kuma kamfanin Amazon ya saya a 1998, yana karɓar bayanai daga jama'a amma sai an tace su kafin su bayyana, kuma ya karkasa kurakurai gida-gida, har da gida na musamman na abubuwan da mutane ke ɗauka kuskure ne alhali ba kuskure ba ne. Shafin TV Tome, wanda kamfanin CNET ya saya ya mayar da shi TV.com a 2005, ya danƙa kowane shiri a hannun edita ɗan sa-kai guda, wanda shi ke karɓar abin da sauran masu kallo suka aiko ko ya ƙi. An raba shafin kowane kashi zuwa akwatuna, na ƙananan bayanai dabam, na bayanan shiryawa dabam, na zantukan 'yan wasa dabam, na ishara dabam, kuma duk gudummawar da aka karɓa tana ƙara wa mai ita maki, makin kuwa shi ke kai mutum ga matsayin edita. Tsari irin wannan yana haifar da gardama iri biyu ba makawa. Ta farko a kan akwati ce, ko wani bayani na wannan gida ne ko na wancan, ta biyu kuma a kan niyya ce, domin idan yawan gudummawa ne ke ɗaga mutum, to akwai ribar da ke tura shi ya tsinko abin da bai taka kara ya karya ba, kuma editan da ya ƙi karɓa yana iya fuskantar zargin cewa kujerarsa yake karewa.

Hanya ta biyu ita ce ta Wikipedia, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a ranar 15 ga Janairun 2001, inda babu mai gadi, kowa na iya rubutawa kuma kowa na iya gogewa. A shekarun farko ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne cewa tunda wannan insakulofidiya ba a takarda take ba, babu ƙarancin wuri da zai tilasta a zaɓi wasu batutuwa a bar wasu, kuma wani tsohon rubutu na jama'ar shafin ya kawo The Simpsons a matsayin misali, cewa babu abin da zai hana kowane mutum na cikin labarin da kowane kashi ya sami shafinsa, Wales da kansa kuma ya amince da haka. A kan wannan fahimta aka rubuta dubban muƙaloli na kashi-kashi, yawancinsu labarin abin da ya faru ne kawai sai dogon jerin ƙananan bayanai a ƙasa. Amma shafin ya yi girma, jama'a sun fara dogara da shi, kuma a ƙarshen 2005 ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler ya bayyana cewa tarihinsa da ke shafin ya ɗauki watanni yana ɗauke da ƙazafin da ya danganta shi da kisan 'yan gidan Kennedy. Bayan wannan abin kunya editoci suka ƙara matsa lamba a kan madogara, kuma a 2006 aka tabbatar da ƙa'idar shahara, wadda ta ce batu ba zai sami muƙalar kansa ba sai an samu amintattun kafofi masu zaman kansu da suka yi magana a kansa da ɗan zurfi. Ba don talabijin aka yi waɗannan ƙa'idoji ba, amma a kan kundayen talabijin suka fi sauka da nauyi.

Ƙa'idoji uku ne ke aiki a nan. Ta farko ita ce tabbatarwa, wato dole mai karatu ya iya bin sawun kowane bayani zuwa wata madogara da aka wallafa. Ta biyu ita ce haramcin binciken ƙashin kai, ma'ana edita ba zai kawo abin da shi ya gano ko ya fassara ba, ko da kuwa gaskiya ne. Ta uku ita ce cewa insakulofidiya ba ma'ajiyar kowane irin bayani ba ce, kasancewar abu gaskiya bai isa ya sa a saka shi ba. Ta biyun ce ta fi ƙona wa masoya rai. Mai kallon da ya ga wata fitowa ta yi kama da sanannen kisan banɗaki na fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, kuma ya tabbata cewa da gangan aka yi, ba shi da izinin rubuta haka sai wani mai sharhi a jarida ko wani daga cikin masu shirin ya faɗa. A wurinsa wannan rashin hankali ne, domin abin a fili yake. A wurin mai goyon bayan ƙa'idar kuwa, idan aka buɗe ƙofa ga ishara ɗaya da take a fili, babu ma'aunin da za a rufe ta da shi ga ishara ɗari da ba su wuce zato ba, tunda kowane mai kawowa yana ganin tasa a fili take.

Masu son a rage, waɗanda tun wajejen 2004 suka sami laƙabin masu gogewa, suna da hujjoji da bai kamata a raina ba. Jerin ƙananan bayanai yana girma ne ba tare da wani ya tsara shi ba, kowa ya zo ya ɗora layinsa a ƙasa, har ya fi ainihin muƙalar tsawo, kuma a cikinsa ne ƙarya ta fi samun maɓoya domin babu mai iya bincikar layi hamsin marasa madogara. Sun kuma lura cewa jerin yana ɓoye abin da ke da muhimmanci, domin bayanin cewa tashar ta tilasta a sauya ƙarshen labari yakan zauna a layi na goma sha, tsakanin launin mota da lambar ɗaki, kamar darajarsu ɗaya. Kuma ko da wuri ba ya ƙarewa, lokacin masu sa ido yana ƙarewa, kowane shafi da aka ƙara nauyi ne a kan 'yan tsirarun da ke gyara ɓarna. Masu son a bari, wato masu shigarwa, suna amsawa da cewa mai karatun da ya buɗe shafin wani kashi abin da ya zo nema ke nan, kuma shafin ba ya tare wa mai neman ilimin lissafi ko tarihi hanya. Suna ganin akwai raini a cikin lamarin, cewa ana ɗaukar talabijin a matsayin abin da bai kai a yi masa hidima ba. Marubucin Amurka Nicholson Baker ya bayyana irin wannan ra'ayi a mujallar New York Review of Books a 2008, inda ya ba da labarin yadda ya riƙa ceto muƙalolin da ake shirin gogewa, kuma a shekarar ce mujallar The Economist ta kwatanta rikicin da yaƙi a kan ruhin Wikipedia.

Rikicin ya kai ƙololuwa tsakanin 2007 da 2008. A 2007 aka cire dubban alamomin gargaɗi da ke sanar da mai karatu cewa za a tona masa ƙarshen labari, bisa hujjar cewa insakulofidiya ba ta ɓoye abin da take bayani a kai. A daidai lokacin wasu editoci suka shiga juya shafukan kashi-kashi da yawan gaske, wato su share abin da ke shafi su mai da shi alamar da ke tura mai karatu zuwa jerin kashin shirin gaba ɗaya. Wannan dabara ba ta buƙatar muhawarar kwanaki da ake yi kafin a goge muƙala, don haka mutum ɗaya yana iya juya shafuka masu yawa a zama ɗaya, masoya su dawo da su, shi kuma ya sake juyawa. Maganar ta je gaban kwamitin sasanta rikici na shafin, wanda editoci ke zaɓar mambobinsa kuma huruminsa halayyar mutane ne kawai ban da abin da muƙala ta ƙunsa. A shari'ar farko, wadda aka rufe a Disambar 2007, kwamitin ya roƙi ɓangarorin su haɗa kai, roƙon da bai yi tasiri ba. A ta biyu sai da ya ba da umarnin wucin gadi cewa kada kowa ya juya ko ya dawo da irin waɗannan shafuka har a gama sauraro, kuma a Maris 2008 ya haramta wa editan da ya fi kowa juya shafuka yin hakan na tsawon wata shida. Ainihin tambayar, ko kowane kashi ya cancanci muƙala, kwamitin bai amsa ta ba domin ba shi da ikon amsawa, kuma yunƙurin da aka yi daga baya na rubuta ƙa'ida ta musamman a kan shaharar ƙagaggun labarai ya rushe a 2009 saboda an kasa samun matsaya ɗaya.

Abin da ya tabbata a hankali, ba tare da wani ɓangare ya yi nasara ba, shi ne jagorar salon rubutu da ta ce a guji buɗe sashen tarkacen bayanai, amma idan an tarar da shi kada a share shi ido rufe, a ɗauki abin da ke da amfani a nemo masa madogara a saƙa shi cikin sashen da ya dace, na shiryawa ko na jigo ko na yadda jama'a suka karɓi shirin. An kuma ƙayyade tsawon labari, kalma 400 ga muƙalar kashi guda, kalma 200 ga taƙaitawar da ke cikin jeri. Wannan mafita ta fi hikima fiye da yadda ɓangarorin biyu suka so su yarda, domin ta gane cewa bayani yana zama tarkace ne idan an bar shi shi kaɗai ba tare da an nuna abin da yake haskakawa ba. Editocin The Simpsons sun nuna yadda ake yin haka. Tun daga 2001 aka fara fitar da shirin a faifan DVD tare da sharhin baki na marubuta da daraktoci a kan kowane kashi, sai editocin suka zauna suka saurara, suka mayar da abin da a da zato ne ya zama magana mai madogara, kuma muƙaloli da yawa na zangunan farko suka kai matakin da jama'ar shafin ke ba wa aiki mai inganci. Wani misalin ya zo a ranar 5 ga Mayun 2019, lokacin da aka ga kofin gahawa na zamani a kan tebur a kashi na huɗu na zango na takwas na Game of Thrones. Kuskuren ɗauka ne irin wanda aka saba gogewa, amma da manyan jaridu suka ɗauki labarin, tashar HBO ta amsa, ta kuma goge kofin daga hoton cikin 'yan kwanaki, sai ya zama ɓangaren tarihin wannan kashi.

Waɗanda ba su gamsu ba sun tafi wani wuri. Shafin Memory Alpha na Star Trek ya fara a ƙarshen 2003, Wookieepedia na Star Wars da Lostpedia na shirin Lost suka biyo baya a 2005, kuma a can babu mai tambayar ko jarida ta taɓa ambaton wani ɗan wasa da ya wuce ta bayan jarumi. Dangantakar waɗannan shafuka da Wikipedia ta yi kama da ta hashiya da matani a littattafan malamai na zaure, matani a taƙaice a tsakiya, gefe kuma cike da abin da ɗalibi mai zurfafawa ke bukata. Abin lura shi ne ƙaurar ba ta kashe taƙaddamar ba, ta sauya mata kama ne kawai. Memory Alpha ya ɗauki abin da aka nuna a talabijin da silima a matsayin ingantaccen labari, ya ware abin da ya fito a ƙagaggun littattafai da mujallun zane, har aka buɗe wa waɗannan wani shafi dabam mai suna Memory Beta, kuma ya kafa ƙa'idar da ke taƙaita tsintar ƙananan kurakurai. Lostpedia, wanda ke bin shirin da aka gina shi a kan alamomi da lambobi shida masu maimaituwa, ya ga dole ya raba abin da aka tabbatar a allo da hasashen masoya, ya ba hasashe shafinsa a gefe. Jason Mittell, malamin nazarin talabijin wanda ya taɓa zama ɗaya daga cikin masu kula da shafin, ya yi nazarin wannan iyaka a wata muƙala ta 2009. Duk inda mutane suka taru don rubuta kundi, ko da kuwa duka masoya ne, sai sun ja layi, kuma sai an sami wanda layin ya bari a waje.

Tarihin Star Trek ya kuma nuna cewa abin da ake kira tarkace yau yana iya komawa cikin labarin gobe. Mutanen Klingon, wata al'umma ta cikin shirin, a shekarun 1960 goshinsu sumul yake, amma daga fim ɗin 1979 aka ba su goshi mai tudu-tudu, saboda kuɗi da fasahar kwalliya sun ƙaru. Masoya sun shekara fiye da ashirin suna tattauna wannan saɓani, shirin Deep Space Nine ya taɓo shi da raha a 1996, sannan a 2005 shirin Enterprise ya ware kashi biyu ya ƙirƙiro masa dalili a cikin labarin.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu adanawa, duk da haka, daga wani wuri ta fito. A shekarun 1960 da 1970 gidan BBC ya riƙa goge kaset-kaset na tsofaffin shirye-shirye don sake amfani da su, kuma kashi da dama na Doctor Who, wanda aka fara a 1963, suka salwanta ta haka. Abin da ya rage na wasunsu shi ne sautin da masu kallo suka naɗa a gida, da hotunan da aka ɗauka daga fuskar talabijin, da bayanan da masoya suka tara a kan wace ƙasa ce ta sayi wane labari da kuma inda aka tura kwafin daga can. A idon wanda ba ruwansa da shirin babu bayanin da ya kai wannan rashin amfani. Amma ta hanyar bin takardun jigilar da BBC ta yi zuwa ƙasashen waje ne wani mai bincike mai suna Philip Morris ya gano gwangwanayen fim a wata tashar talabijin a Jos, kuma a Oktoban 2013 aka sanar da dawowar kashi tara da aka ɗauka sun ɓace, daga labaran The Enemy of the World da The Web of Fear, abin da ya rage adadin ɓatattun daga 106 zuwa 97 a lokacin. Zamanin intanet bai kawar da irin wannan haɗari ba, domin shirin da ke kan manhajar kallo ana iya gyara shi ko janye shi a kowane lokaci, kamar yadda aka goge kofin nan, kuma kamar yadda masu The Simpsons suka janye kashin da Michael Jackson ya yi murya a ciki a 2019. A irin wannan hali rubutun mai kallo yana iya zama shaidar da ta rage ta yadda abu ya kasance ranar da aka fara nuna shi.

Saboda haka hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne cewa Wikipedia ta yi daidai da ta nemi madogara da tsari, amma an yi sakaci a wajen tambayar inda abin da aka cire zai koma. Mafi yawansa ya koma ne hannun kamfanonin kasuwanci. Dandalin da Wales da Angela Beesley suka kafa a 2004 da sunan Wikicities, wanda ya zama Wikia a 2006 kuma yanzu ake kira Fandom, shi ke ɗauke da Memory Alpha da Wookieepedia da Lostpedia, kuma da tallace-tallace yake samun kuɗi a kan aikin da masoya suka yi kyauta. TV.com kuwa ya daina aiki a wajejen 2021, ya tafi da gudummawar shekaru masu yawa da editocinsa suka yi ta jayayya a kanta layi-layi. Akwai kuma asarar mutane. Adadin editoci masu ƙwazo a Wikipedia ta Turanci ya kai ƙololuwa a 2007 sannan ya fara raguwa, kuma binciken da Aaron Halfaker da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya danganta wannan da yadda ake saurin watsi da gudummawar sababbin shiga masu kyakkyawar niyya. Ɗan ƙaramin bayani a ƙasan shafin wani shiri shi ne irin abin da baƙo ke iya fara rubutawa, kuma idan abin da ya fara gani shi ne an share masa ba tare da bayani ba, da wuya ya dawo ya koyi yadda ake kawo madogara.

Ƙa'idar madogara tana da wata nakasa da ta shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye, wato tana auna darajar abu ne da yawan abin da 'yan jarida suka rubuta a kansa, alhali jaridu ba su rabu daidai a duniya ba. Kashi guda na shirin Amurka yana iya samun sharhi a jaridu da yawa washegarin nuna shi, amma Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, ko Labarina na Aminu Saira, waɗanda ake tattauna su a majalisu da gidaje da shafukan sada zumunta, da wuya a sami rubutaccen sharhi a kan kowane kashi nasu, duk da ƙoƙarin kafofi irin su mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a 1999. Idan aka yi aiki da ma'aunin Turanci yadda yake, kusan duk abin da ya shafi waɗannan shirye-shirye zai faɗa cikin abin da ba shi da madogara. Lamarin ya fi tsanani ga wasannin da suka gabata, domin abin da aka sani game da yadda aka shirya Samanja da wasannin Ƙasimu Yero mafi yawansa yana cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi aikin da waɗanda suka kalla, ga shi kuma Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, a 2023. Achal Prabhala ya taɓa gwada amfani da hirar baki a matsayin madogara a wani aiki da ya yi a Indiya da Afirka ta Kudu a 2011, amma Wikipedia ta Turanci ba ta rungumi hanyar ba. Kowane reshe na Wikipedia yana da 'yancin tsara ma'aunin shahararsa, kamar yadda na Jamusanci ya zaɓi tsauri fiye da na Turanci, don haka editocin Hausa ba dole ba ne su gaji sakamakon rikicin 2008. Ko a ƙarƙashin ƙa'idojin da ake da su, shirin da kansa madogara ne ga sunan kashi da ranar fitowa da jerin waɗanda suka yi aiki, wanda ke nufin ana iya rubuta cikakken jeri na kowane zango tun yanzu, yayin da bayanan bayan fage za su jira sai 'yan jarida da masu bincike a jami'o'i sun yi hira da marubuta da daraktoci da 'yan wasa sun wallafa.